Leda ce ta ɓata mana taki

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan da ke kewaye da Kano ya san cewa a da sharar birni dukiya ce. Da rani manoma kan koro jakuna su shigo da itace ko kara su sayar, sannan su cika mangala da taki su koma: tokar murhu, kashin awaki da na kaji, ɓawon gyaɗa, sharar tsakar gida. A jibge a gona tsibi-tsibi, a jira saukar damina. Michael Mortimore, Baturen nan masanin labarin ƙasa da ya koyar a Zariya da Kano, ya yi nazarin wannan yanki tun shekarun 1960, ya nuna yadda ake noma gona ɗaya shekara da shekaru ba hutu, kuma ba ta mutu ba. Takin nan yana cikin manyan dalilai.

Har gobe ana kai shara gona, sai dai yanzu tifa ce ke kaiwa, kuma abin da take juyewa ya canja. Kawuna da ke noma a wajen Dawakin Kudu ya sayi shara tifa guda bara. Na same shi shi da yaransa a duƙe da buhuna, suna tsintar baƙar leda, ledar ruwa, fasassun kwalabe, matattun batura da ƙunzugun jarirai na zamani. Ya ɗago ya ce mini, "Ɗan nan, kuɗin taki na biya, ga abin da mutanen birni suka aiko mini." Ledar da ta kuɓuce musu garma za ta binne ta, ta tare ruwa, ta tare saiwa, baɗi a sake tono ta kamar jiya aka sa. Wadda iska ta ɗauka kuma ta maƙale a ƙaya, akuya ta cinye. A tambayi kowane mahauci abin da yake tararwa a tumbin dabbar da ta yi yawon bola. Dabba ce za ka ga ciki ya kumbura, jiki yana ramewa, mai ita yana ta sayen magani a banza.

Shi ya sa idan na ji ana maganar kula da muhalli kamar wani sabon abu da sai mai sola a rufin gida zai iya, sai in yi murmushi. A ganina abin yana farawa ne daga bokiti biyu a bakin madafi. Ɗaya na abin da ke ruɓewa: ɓawon doya, ganyen da aka tsince, toka, shara. Ɗaya na leda da roba da kwalba. Na farkon, idan babu dabba a gidan, maƙwabta masu kiwo za su karɓa da godiya, ko a tara shi a rami a zuba wa zogale. Na biyun yana da masu nema: 'yan jari bola suna sayen ƙarfe da tsofaffin robobi, masu zoɓo da kunun aya suna neman gora, ledar ruwa ma akwai masu sayenta a kan sikeli idan an tara ta a buhu ba ta haɗu da miya ba. Cakuɗawar ce ke mai da komai ƙazanta.

Ba na ganin laifin mai shan ruwan leda. Wanda famfon unguwarsu ya yi shekaru bai ɗiga ba, me za a ce ya sha? Inda nake da magana shi ne cefane. Tumatir da ledarsa, attaruhu da tasa, albasa da tata, gishirin naira ɗari ma an ƙulle shi a leda, sannan a haɗa duka a wata babba. Iyayenmu da kwando suke zuwa kasuwa, da kwalbar manja, yaro kuma da kwano ake aikensa sayen koko. Yanzu koko mai zafi a leda, tuwo a leda, alale a dafa shi cikin leda, alhali gwangwanin madara yana nan yana yin aikin. Mafi muni shi ne hura gawayi da ita. Uwargida ta kunna leda tana ɗiga a kan gawayi, baƙin hayaki yana tashi, ga goyo a bayanta yana shaƙa. Takarda ko ɗan kara ya wadatar.

Wasu za su ce gwamnati ta hana leda kawai a huta. Ruwanda ta hana a 2008, Kenya a 2017, Legas ma ta hana fararen mazuban abincin nan na soso a 2024. To amma Nijar ta yi dokarta tun 2014, kuma wanda ya shiga kasuwar Maraɗi ko Damagaram ya san leda ba ta ji labari ba. Ruwanda ta ci nasara ne don har a filin jirgi ana karɓe ta daga hannun baƙo. Mu da har yanzu muke fama da kwashe bola daga bakin titi, ban ga ranar da za a sa ma'aikaci a kan kowane mai kayan miya ba. Kafin ranar ta zo, kwatar ƙofar gidanmu ce za ta toshe a watan Agusta, kuma ɗakinmu ruwan zai shiga.

Kada kuma a jibga wa mata wannan nauyi, kamar yadda aka saba da duk abin da ya shafi shara. A yawancin gidajenmu maigida ne ke yin cefane, don haka shi ne ke shigo da ledar. Buhun shinkafar da ya ƙare, tela zai mai da shi jaka mai hannu a kuɗi kaɗan, a rataye ta a babur ko a jefa bayan mota. Mai tumatir zai ce, "Alhaji, ba za a sa a leda ba?" Ka ce ya juye a nan. Ba zai yi musu ba, don shi ma sayen ledar yake yi.