Hayar rumbun bayanai: a duba inda aka aje na biyu

Kamfani, ko ƙungiya, ko asibitin kuɗi, duk wanda aikinsa ya koma cikin kwamfuta, wata rana sai ya nemi wurin aje takardunsa da shafinsa na intanet. Wurin kuwa wata babbar na'ura ce da ba a kashewa dare da rana, wadda ma'aikatan fannin ke ce wa saba. Riƙe irinta a cikin biro abu ne mai wuya a Nijar, saboda zafin bazara da ƙurar hunturu da ɗaukewar wuta. Jama'a ba su manta da watan Agusta na 2023 ba, sa'ad da Najeriya ta yanke lantarkin da take ba ƙasar, ba ta maido shi ba sai watan Maris na 2024. Shi ya sa da yawa kan gwammace su yi haya.

Hayar iri biyu ce. Akwai wadda za a miƙa wa mutum na'ura tsirararta, ya ji da ita. Akwai kuma wadda masu ita ke ɗaukar nauyin kulawa: su sabunta manhaja, su toshe kafar ɓarayi, su sa ido, su riƙa kwafe bayanai. Wannan ta biyun ta fi tsada, amma ita ta dace da wanda ba shi da gwani a gida. Ta yi kama da zaman fatake da fatoma a zamanin da, inda baƙo ke sauke kaya a gidan mutum ya bar masa amana. Sai dai fatoman yau ba a ganin fuskarsa, takardar yarjejeniya kaɗai ke magana.

Tallar da aka fi ji ita ce na'ura za ta yi aiki kashi 99,9 cikin 100. Lissafi ya nuna wannan ya ba su damar tsayawar kusan awa 9 a shekara ba tare da laifi ba. In sun wuce hakan ma, galibi ragin kuɗin haya za su yi, ba biyan cinikin da aka rasa ba.

Babbar magana tana wajen kwafi. Daren 10 ga Maris na 2021 gobara ta tashi a ma'ajiyar kamfanin OVH da ke birnin Sitirasbur na Faransa, ta cinye gini guda ƙurmus, ta taɓa na kusa da shi. Shafuka fiye da miliyan 3 suka ɗauke. Waɗanda suka aje kwafinsu a wani gari sun farfaɗo cikin ƴan kwanaki. Wasu kuwa sun biya kuɗin kwafi, ashe kwafin na nan cikin harabar da ta ƙone. A 2023 kotun kasuwanci ta birnin Lil ta umarci kamfanin ya biya biyu daga cikinsu diyya, amma diyya ba ta maido da takarda ko ɗaya ba. Saboda haka bai isa a ce wa mai haya "muna kwafewa" ba. Ya kamata a rubuta masa garin da kwafin yake, da sau nawa ake yin sa, da kwana nawa ake riƙe shi. Kuma tun kafin wata masifa, ya nemi a maido masa da bayanan jiya don gwaji. Kamfanin da ya yi ta kwana-kwana a kan wannan ƴar buƙata ya riga ya ba da amsa.

Sai batun mabuɗi, wanda a nan ne aka fi yin sakaci. Sau da yawa wani yaro masanin kwamfuta ke buɗe asusun da sunansa da lambar talhonsa. Ranar da ya sami aiki a Kwatano ko aka ɓata da shi, mai dukiya sai ya tarar shi baƙo ne a rumbunsa. Asusun haya da sunan shafi, dukansu da sunan kamfani ya kamata a rubuta su.

Haya a ƙetare tana da nata sharuɗɗa. Da yuro ake biya, yuro ɗaya sefa 655,957, kuma da katin banki. Wata ya wuce ba a biya ba, a rufe, a jima kaɗan a share. Nisa ma na da illa: ranar 14 ga Maris na 2024 wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Kodibuwa, ƙasashe da dama na yammacin Afirka suka kasa kai wa ga bayanansu da ke Turai, alhali na'urorin lafiyarsu lau. Wanda kuma yake riƙe da sunayen majinyata ko na masu bashi, akwai doka a kansa: tun 2017 Nijar ke da dokar kare bayanan mutane, kuma fitar da irin waɗannan bayanai waje na cikin abubuwan da dokar ta tsara. Gara a je Yamai a tambayi hukuma kafin a sa hannu.