Mu Tallabi Masu Ƙera Wasannin da Muke So

Ya ku masoya wasannin kwamfuta, musamman ku da ke son wasan da sai an zauna an karanta labari, an auna maganar da jarumi zai faɗa kafin a zare takobi, ku taso, wannan aiki namu ne!

An daɗe manyan kamfanoni suna cewa irin wannan wasa ya tsufa, ba shi da kasuwa. Brian Fargo, wanda kamfaninsa ya ƙera Wasteland da ya fito a 1988, ya sha yawon neman wanda zai zuba kuɗi a yi kashi na biyu, ana sallamarsa hannu Rabbana. A 2012 sai ya juyo ga 'yan wasa da kansu ta dandalin Kickstarter, ya nemi dala 900,000. Jama'a suka yi karo-karo har kusan dala miliyan 3, Wasteland 2 kuma ya fito a 2014.

A shekarar 2012 ɗin dai, kamfanin Obsidian na Kalifoniya yana gab da durƙushewa, an soke masa wani babban aiki har ya sallami ma'aikata. Shi ma ya nemi dala miliyan 1.1 a Kickstarter, kafin kwana biyu an cika masa. Da aka rufe asusun, mutum fiye da 70,000 sun tara kusan dala miliyan 4. Abin da wannan kuɗi ya haifa shi ne Pillars of Eternity. Duk wanda ya buga shi ya san daɗin: kana hangen tawagarka ta mutum shida daga sama, faɗa ya kaure, sai ka tsayar da komai cak, ka tura mai garkuwa ya tare ƙofa, ka ja mai kwari da baka baya, sannan ka saki. Wannan natsuwa ce aka ce wai babu mai sonta.

Ku dubi kamfanin Larian na Beljiyam ma. Kusan dala miliyan 1 magoya baya suka ba su a 2013 don kammala Divinity: Original Sin. Bayan shekara 10 su ne suka fitar da Baldur's Gate 3, gwarzon wasan 2023.

Gaskiya ne, akwai waɗanda suka karɓi kuɗin jama'a suka yi ta jan ƙafa, wasu ma ba su cika alkawari ba. Don haka a duba tarihin mutum da samfurin aikinsa kafin a ba shi ko sisi. Amma kada laifin wasu ya sa mu janye hannu. Tun 2018 Microsoft ya saye Obsidian da kamfanin inXile na Fargo, su kam sun sami uban gida. Saura ƙananan, mutum biyar ko goma a ɗaki ɗaya, waɗanda ba su da kowa sai mu.

Ina roƙonku, ku daina sauke kwafin sata. Idan aljihu bai kai ba, ku jira lokacin rangwame a Steam ko GOG ku sayi na halal. Mai hali ya sa hannu a gangamin tara kuɗin da ya gamsu da shi. Wanda ya ga kuskure a wasa ya rubuta wa masu shi cikin mutunci, domin suna karantawa kuma suna gyarawa. Ku ja ƙannenku da abokanku, ku zaunar da su gaban allo su ƙirƙiri jaruminsu na farko a wannan makon.