Roba Mai Komawa, Leda Marar Komawa

Daga kasuwar Dogon Dutsi har zuwa ta Tibiri, da wuya a ga kaya bisa babur ko amalanke ba a tamke su da robar cikin taya ba. Ita ce kuma ta gaji wasaki a bakin rijiyoyin Arewa. Kowa ya san tana miƙewa ta koma, amma sanin dalilin haka yana iya hana ɗan kasuwa asara.

A 1920 wani masani Bajamushe, Hermann Staudinger, ya ce roba da danginta tarin zarurruka ne dogaye ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani. An yi ta gardama da shi, kafin a ba shi kyautar Nobel a 1953. Muddin roba tana ajiye, zarurrukan nan a cukurkuɗe suke, babu gaba babu baya, kamar abawar da akuya ta tattake. Da an ja ta sai su warware, su jeru gefe da gefe, duk su fuskanci inda ake ja. A 1925 aka haska robar itace da irin hasken da likita ke duba ƙashi da shi, aka tarar idan ta miƙe sosai wasu sassanta kan shirya kansu sahu-sahu, su ƙara mata ƙarfi daidai lokacin da ta fi bukata. Mai shakka ya ja siririyar roba da sauri ya kai ta leɓe, zai ji ɗumi. John Gough na Ingila ya lura da wannan tun farkon ƙarni na 19.

Abin da ke maido ta kuwa ƙulli ne. Dafa roba da farar wuta, dabarar da Charles Goodyear ya yi wa rajista a Amurka a 1844, yana ɗaure zare da zare nan da can. Saboda haka ko sun miƙe ba su rabuwa, da an saki sai su sake cukurkuɗewa.

Leda ba ta da wannan ƙulli. In aka ja ta, zarurrukanta zamewa suke yi bisa juna, ta sirance wuri ɗaya, ta tsaya haka har abada. Hannun ledar da ya yi tsawo ya riga ya ba da abin da yake da shi, kuma nan gaba zai tsage bin tsawonsa. Dokar Nijar ta 5 ga Nuwamba 2014 ta haramta irin wannan leda mai laushi, ko da yake rassan itatuwan bakin hanya ba su ji labarin ba.

Gorar ruwan sha ita ce abin lura ga masu man gyaɗa da kunu. A masana'anta ana ɗumama ta, a ja ta, a hura ta, sannan a sanyaya ta zarurrukan na miƙe. Shi ya sa take da ƙarfi duk da rashin kaurinta. Amma zarurrukan a tsare kawai suke. Zafin rana na watan Afrilu, mai wuce digiri 40, bai isa ya sake su ba. Wajen digiri 70 ne suke samun sarari su koma yadda suke tun fari, gora ta tsuke, ta karkace, murfi ya daina kamawa. Man da aka ɗura da zafinsa, gorar lita ɗaya ba za ta ƙara cin lita ɗaya ba.