FILIN MASU ABIN HAWA: Ba Kowane Baƙin Mai Ne Na Babur Ba

Yau zancenmu a kan manyan baburan nan ne masu gajeren sirdi da faffaɗan ƙaho, irin su Yamaha Virago da ya fito a 1981, da Honda Shadow na 1983. Mai irin wannan babur yana iya yi masa juye da kansa a tsakar gida, amma fa sai ya san irin man da zai zuba, domin a nan ne yawancin ɓarna take aukuwa.

Ga dalili. A cikin mota, man inji dabam, na giya dabam. A cikin waɗannan babura kuwa, mai guda ne yake hidimar inji da giya da kuloci gaba ɗaya, watau faya-fayan kuloci a cikinsa suke jiƙe. Yawancin man mota na zamani an gauraya shi da sinadarin ƙara santsi domin a rage shan fetur. In aka zuba wa babur shi, sai kuloci ya riƙa zamewa: inji na ruri, tafiya ba ta ƙaruwa. Saboda haka ne a 1998 aka kafa ma'aunin JASO a Japan. Lalle ne mai saye ya duba jikin galan, ya ga an rubuta JASO MA ko MA2. In babu, ya bar shi komai arharsa, gama araha ba ta ado. Manyan Harley-Davidson na Amurka su ne suka fita dabam, don wurin mai uku gare su, kowane da ƙa'idarsa.

To, ga yadda aikin yake. A ta da babur kamar minti 5, mai ya yi ɗumi ya tsinke. A kashe shi, a tara kwano a ƙarƙashin inji, a kwance notin juye, a bari ya tsiyaye sarai. Sa'an nan a cire tsohuwar filta, a shafa ɗan mai a robar bakin sabuwa, kana a ɗaura ta. A mai da noti da sabon washa, amma kada a nuna masa ƙarfi: cikin injin na alminiyam ne, in tiredi ya mutu kuɗin gyara ya ninka na juye sau da yawa.

Shadow 750 yakan sha wajen lita 2 da rabi, amma littafin babur shi ne alƙali. Bayan an zuba, a ta da inji kaɗan, a kashe, a dakata. Kada a auna Shadow ko Virago yana jingine bisa jak ɗin gefe; a sami wani ya riƙe shi tsaye cak, in ba haka ba awon ƙarya zai bayar. Har wa yau, ƙurar hunturu da zafin bazara suna gajiyar da mai da wuri, sai a riƙa juye kafin wa'adin littafi ya cika.

Tsohon mai kuma kada a tuttule shi a kwata ko kusa da rijiya, guba ne ga ruwan sha. A ɗura shi a galan a kai gareji.

Allah ya kiyaye hanya. Sai mako mai zuwa.