Fijon Kakuri da Masu Kitso da Kwarkwata

Tsohon fanel bita da ya san hannunsa ba da ido yake fara duba mota ba. Idan aka turo masa Fijo 504 doguwa, irin mai layin kujeru uku, sai ya laluba aljihu ya ciro ɗan maganaɗisun da ya ɓalle daga mataccen lasifika, ya ɗora a ƙofar gaba, ya riƙa jan sa a hankali. A sama yana kamawa gam. A tsakiya ma haka. Da ya gangaro wajen dokin ƙofa, sai maganaɗisun ya sulale ya faɗi cikin jar ƙasa. Fenti yana sheƙi, ko ƙwarzane babu, amma ba ƙarfe a wurin. Abin da ke ƙarƙashi fila ce da aka dama aka yaɓa kamar yaɓen ɗaki, wani lokaci har da guntun raga ko kwali a ciki don ta sami abin kamawa. Yana danna sukudireba, sai ga garin tsatsa yana zubowa kamar dusa.

Wannan shi ne halin da yawancin ragowar Fijo doguwa ke ciki a Kafanchan da Zonkwa da Kwoi da Kachia. Injin da ransa, giya tana shiga, amma jiki ya zama kitso da kwarkwata. Ra'ayin mai wannan rubutu shi ne motar ta fi ƙarfin wannan wulaƙanci, kuma sana'ar da za ta iya ceton ta tana nan a hannun dattawa 'yan ƙalilan, waɗanda idan aka yi sake za su tafi da ita kabari.

Ai ba baƙuwa ba ce. A Faransa aka haifi 504 a 1968, ta ci kambin motar shekara ta Turai a 1969, amma a Kaduna ta yi girma. An kafa kamfanin PAN mai harhaɗa Fijo a 1972, masana'antarsa ta Kakuri ta fara fitar da motoci a 1975, kuma a shekarun farko jiragen sama ne ke jigilar sassan daga birnin Liyon zuwa Kano, daga nan a ɗora su a manyan motoci zuwa Kaduna. A wannan shekarar ta 1975 wata 504 ta lashe gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka, inda laka da duwatsu ke karya motocin da suka fi ta tsada. Da gwamnatin soja ta Obasanjo ta ɗauki tsarin rage facaka, Fijo ta zama motar manyan ma'aikata. A ganiyarta, Kakuri tana fitar da dubun-dubatar motoci a shekara, kuma matasa da yawa daga kudancin jihar sun ci abinci a can, ko a masaƙun da ke maƙwabtaka da ita. Turai ta daina ƙera 504 ta fasinja a 1983. Ajantina ta ja har 1999, Kenya har 2004. Najeriya ce ta rufe ƙofa a 2006, shekarar da aka sayar wa 'yan kasuwa mafi yawan hannun jarin kamfanin. Ke nan 504 ta ƙarshe da aka harhaɗa a duniya 'yar Kaduna ce.

Kafanchan tana da nata dalili na musamman na riƙe wannan amana. Garin jirgin ƙasa ne. Tun 1927, da layin dogo daga Fatakwal ya iso ya rabu biyu, ɗaya zuwa Kaduna ɗaya zuwa Jos, mutane daga ko'ina suka taru a nan saboda tasha. Da harkar jirgi ta fara durƙushewa, Fijo doguwa ce ta ɗauki nauyin. Ita ta kai buhunan citta daga ƙauyukan Jaba zuwa kasuwa. Ita ta kai ɗalibai Gidan Waya da akwatunansu na ƙarfe a but. Ita ta kai amare, ta dawo da 'yan gari daga Kaduna da Abuja duk ƙarshen shekara don Kirsimeti da bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu, ta yi zirga-zirgar Sallah, kuma idan rai ya yi halinsa a birni, ita ake kwantar wa kujeru a maido da mamaci gida. Masu ƙera ta sun san me suke yi: sun ƙara mata tsawo tsakanin tayoyi har mita 2.9, sun ɗaga rufin baya, sun sa mata sifirin huɗu a baya maimakon biyu. Shi ya sa take ɗaukar abin da ya fi ƙarfinta ba ta koka ba.

Abin da ya fi ƙarfinta shi ne ruwa. Tsatsa ba ta buƙatar komai sai ƙarfe da iska da danshi, kuma kudancin Kaduna ba ta da ƙarancin danshi. Damina tana kamawa tun Afrilu, ba ta ɗagawa sai Oktoba, ruwan da ke sauka a gindin duwatsun Kagoro ya ninka na Katsina. Motar da za ta shekara ashirin a Daura fenti kawai ya koɗe, a nan ƙasanta ne ke fara tafiya. Jar laka tana maƙalewa a cikin madigadi ta kwana da ruwa mako guda bayan an ɗauke sama. Robar gilashin gaba tana tsagewa da zafin rani, da damina ruwa ya bi ta nan ya sauka ƙarƙashin kafet, ba wanda ya gani. Ƙananan hujojin da masana'anta ta bari a ƙasan ƙofofi don ruwa ya tsiyaye suna toshewa da ƙura, ƙofa ta zama tulu. Ruwan batir yana cin mazauninsa. Buhun takin zamani da ya fashe a but ya fi duka ɓarna, domin yana jan danshi yana kuma ƙara wa tsatsa gudu. Ita kuwa tsatsa ba kamar fenti take ba da zai rufe abin da ke ƙasa. Tana kumbura, tana tsotsar ruwa kamar soso, tana ciyar da kanta.

A nan ne maganar ta wuce ado ta koma ta rai. Babbar mota tana da dogayen ƙarafa biyu a ƙasa da jiki ke zaune a kai, ko jikin ya ruɓe ƙashin bayan yana nan. Fijo doguwa ba haka aka gina ta ba. Jikin shi ne ƙashin bayan. Dokin ƙofa da daɓen ƙasa da ginshiƙan da ke riƙe rufi da mazaunin shokazoba na gaba, su ne ke ɗauke da nauyin mutum bakwai da kayansu. Idan dokin ƙofa ya zama fila, motar tana iya shekara tana tafiya lafiya, sai ranar da ta faɗa rami da gudu a hanyar Kachia, ko ta yi karo, sai ta naɗe kamar gwangwanin madara. Alamar tana fitowa tun da wuri ga mai lura: ƙofar baya ta fara ƙin rufuwa sai an ɗaga ta, gilashin gaba ya tsage ba tare da dutse ya taɓa shi ba.

Gyaran gaskiya ba shi da wani asiri, haƙuri yake ci. A cire kujeru da kafet da robobi, a kwance tankin mai a kai shi nesa kafin a kunna wuta. A kankare har sai farin ƙarfe ya bayyana, a yanke duk inda ya ruɓe, a ƙara ɗan yatsa biyu cikin lafiyayyen wuri, don tsatsa tana tafiya a ɓoye fiye da inda ido ya tsaya. Sannan maigida ya ɗauko kwalin taliya, ya manna a ramin, ya bi bakin da babban yatsa mai baƙin mai har siffar ta fito, ya yanka da almakashi. Wannan kwali shi ne ma'auni. Da shi ake yanko sabon ƙarfe mai kauri daidai da na asali, wanda a fatar jiki bai cika kai milimita 1 ba, a wuraren ɗaukar nauyi kuma ya fi haka. A ɗora a kan guntun ƙarfen dogo, wanda Kafanchan ba ta rasa shi ba, a yi ta bugu da ƙaramar guduma har ya ɗauki lanƙwasar madigadi. Wajen walda ake gane gwani. Ba ya jan wuta a layi ɗaya, don zafi yana murɗe siririn ƙarfe. Ɗigo yake yi nan, ya tsallaka can, ya jira ya huce, ya dawo, har ɗigon su haɗe. Bayan haka a goge, a shafa maganin tsatsa, a yi shimfiɗar fari ciki da waje. Cikin ne aka fi mantawa, alhali wutar walda ta ƙone fentin da ke bayan, ta bar ƙarfe tsirara a inda hannu ba ya kai. Dole a fesa wani abu mai maiƙo a cikin ramukan, a kuma buɗe hujojin tsiyayar ruwa. Fila tana da wurinta, amma a ƙarshe, sirara, don share tabon guduma kawai.

To me ya sa ba a yin haka? Ana yawan ɗora wa fanel bita laifi, amma rabin laifin na mai mota ne. Zai zo da safe yana cewa, "Oga, a ɗan shafa mata dai ta fita kunya, jibi ina da lodin Jos." Idan aka ce masa, "Alhaji, wannan sai an yanke, aikin mako uku ne," sai ya ja motarsa zuwa gaba, inda yaron da bai gama koyo ba zai karɓa a kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin. Araha ba ta ado. Bayan damina ɗaya fentin ya yi ƙuraje, bayan biyu fila ta faɗo gaba ɗaya, ramin ya ninka na da, domin filar da kanta tana shan ruwa. Sai a sake shafawa. Kuɗin da aka kashe a shafe-shafe huɗu ya isa a yi aikin sau ɗaya.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin su biyun. Na'urar walda ta lantarki mai zaren waya, wadda ta fi dacewa da siririn ƙarfe, tana son wuta tsayayya da tukunyar gas, ga tsada. Shi ya sa gareji da yawa har yau da kabaid suke aiki, wutar da ke bazuwa ta gasa wuri mai faɗi. Sabon ƙarfe ma ya yi tsada, har wasu suna yanko jikin tsohon firji ko allon talla su toshe daɓe. Dabara ce ta mai neman abinci, ba abin raini ba ne, amma bai kamata ta kusanci wurin da ke ɗaukar nauyi ba.

Masu cewa a bar tsohuwa ta huta suna da hujja, kuma ya kamata a saurare su. Fijo tana shan mai, kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 direban haya yana lissafin kowace lita. Ba ta da jakar iska, ba ta da burkin zamani, kuma tsofaffin fasinjoji ba su manta irin haɗurran da gudunta ya jawo ba. Golf da Sharan da Sienna sun karɓe tasha, ba kuma za su mayar ba. Ba wanda ke cewa a maido da 504 layin Abuja. Wadda ginshiƙanta suka tafi ma, gara a kwance ta, ƙofofinta da gilasanta da injinta su raya wasu uku. Amma tsakanin wannan da abin da ake gani yanzu akwai tazara. Yau 'yan gwangwan suna bin gida-gida, suna sayen motar da ke da sauran rai a kan nauyin ƙarfenta, su sassare ta da gatari a yini ɗaya, a loda zuwa kamfanonin narka rodi. A Faransa, inda gishirin da ake zubawa a titi lokacin sanyi ya cinye yawancin nasu, masu sha'awa suna neman irin wannan jiki ruwa a jallo, kuma kamfanin Fijo yana da gidan tarihinsa a garin Sosho tun 1988. A gidan tarihi na Onikan da ke Legas an adana Marsandin da aka kashe Murtala a ciki. Motar da talakan Kaduna ya ƙera da hannunsa, ya kuma hau, ita ma ta cancanci inuwa da rufi, ko a gidan tarihi na Kaduna, ko a harabar tsohuwar tashar jirgin Kafanchan.

Abin da ya fi motar muhimmanci shi ne hannun da ke gyara ta. Wanda ya iya fitar da lanƙwasar madigadin 504 daga shimfiɗaɗɗen ƙarfe zai iya ƙera jikin injin yanka citta, da bodin a-kori-kura, da tankin ruwa. Yaran yanzu kuwa sauya ƙofa da ta Kwatano suke koya, da dama fila. Hanyar gyara wannan ba sabuwa ba ce. Hukumar ilimin fasaha ta NBTE, wadda hedikwatarta ke Kaduna, ta riga ta fara ba masu sana'ar hannu takardar shaidar ƙwarewa, kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta yi irin wannan haɗin gwiwa da maƙeran kasuwar Panteka. Ba dalilin da zai sa abin ya tsaya a babban birni. Jami'ar Jihar Kaduna tana da reshe a Kafanchan, ga sabuwar jami'ar tarayya ta kimiyyar aikace-aikace da aka kafa a Kachia a 2025. Ƙungiyar makanikai ta NATA ta san kowane dattijo da ya iya aikin, da sunansa da rumfarsa. A haɗa su wuri ɗaya, a samar da rumfa mai wutar sola da na'urar walda biyu ko uku da kowa zai yi haya, a biya dattawan kuɗin koyarwa kamar yadda ake biyan kowane malami. Darasin farko kuwa a turo Fijo doguwa guda, a miƙa wa kowane ɗalibi maganaɗisu da alli, ya zagaye duk inda ya faɗi.

Mai irin wannan mota a gida kuma, kafin hadarin Afrilu ya haɗo, ya ɗaga kafet ya taɓa daɓen da tafin hannu, ya sa tsinken waya ya buɗe hujojin ƙasan ƙofa, ya wanke lakar cikin madigadi, ya janye ta daga kan ciyawa zuwa daɓen siminti. Idan ya kai ta gareji, ya ce a nuna masa guntun ƙarfen da aka yanke, ya kuma ga sabon da aka sa da idonsa kafin a taɓa gwangwanin fila.