Gubar Bam Ɗin Faransa Da Ƙasar Noman Hatsinmu

Duk lokacin da ƙurar hunturu ta lulluɓe Yamai, akan ji ana cewa a kasuwannin Katako da Wadata wai gubar bam ɗin Faransa ce ke sauka kan kayan miya. Maganar tana da tushe, amma ya kamata mu san iyakarta.

Ranar 13 ga Fabrairun 1960, Faransa ta tarwatsa bam ɗinta na nukiliya na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, lokacin Nijar ba ta samu ƴanci ba. Taswirar sojan Faransa da aka bayyana a 2014 ta nuna ƙurarsa ta ratsa ƙasarmu har Cadi. Amurka da Tarayyar Sobiyat kuwa sun gwada bama-bamai da suka fi wannan nesa ba kusa ba, gubarsu ta watsu duniya duka.

Cikin wannan guba akwai sinadarin siziyom-137. Duk shekara 30 rabinsa kan mutu, don haka abin da ya sauka a 1963 bai fi kashi ɗaya cikin huɗu ya rage ba. Da ya faɗo sai ya manne wa yumɓu a saman ƙasa. Ƙasa mai laka takan riƙe shi gam, amma rairayin jigawa irin namu ba ya riƙe shi haka. Inda ƙasa ta rasa fotashiyam, wato sinadarin da ke cikin toka da takin NPK, saiwa kan sha siziyom a madadinsa. Shi ya sa bayan haɗarin Fukushima na 2011 manoman Japan suka zuba takin fotashiyam a gonakin shinkafa.

To, mu daina sayen kayan gona ke nan? A'a. Masanan da suka auna ƙurar hamada da ta isa Turai a 2022 sun ce gubar ba ta kai ta cutar da mutum ba, kuma ta fi kama da ta Amurka da Sobiyat.

Abin tsoron yana wani wuri. Tunda siziyom tare da ƙasar sama yake tafiya, a shekarun 1990 masana sun yi amfani da shi a kudu maso yammacin Nijar don auna zaizayar ƙasa. Gonar da ta rasa shi, iska da ruwa sun kwashe albarkarta. Gona in ta gaji, tiyar hatsi ce ke tashi, mu da abokan cinikinmu muke ji a jika.

Muna kira ga cibiyar binciken sinadaran nukiliya ta Jami'ar Abdou Moumouni da ta riƙa auna hatsi da ƙurar kasuwanninmu, tana faɗin sakamako da Hausa da Zabarmanci a rediyo. Kafin nan, uwargida, a rufe abinci saboda ƙura, a wanke ganye da kyau.