Goji, Magarya da Kuka: Abinci ko Magani?

Goji ɗan itace ne ja mai ɗan tsawo, wanda idan ya bushe girmansa bai wuce na zabibi ba. Ana samunsa daga wasu gajerun itatuwa iri biyu da masana tsirrai ke kira Lycium barbarum da Lycium chinense, kuma danginsu ɗaya da tumatir da barkono da gauta. Cibiyar nomansa ita ce yankin Ningxia a arewa maso yammacin ƙasar Sin, musamman gundumar Zhongning, inda ake ban ruwa daga Rawayen Kogi. Sinawa sun daɗe suna jefa shi a miya da kunun shinkafa da shayi, kuma masanin magunguna Li Shizhen ya kawo bayaninsa a babban littafin da ya kammala a 1578.

Daga farkon shekarun 2000 'yan kasuwa a Amurka da Turai suka shiga tallata goji a matsayin abincin da ya kere sa'a. Wayar hannu ta kawo wannan talla har ƙasar Hausa. Magidanci a Dingyaɗi ko Boɗinga ko Shagari a jihar Sakkwato zai iya buɗe Facebook ko WhatsApp ya ci karo da shayin goji ko ƙwayoyinsa, ana cewa yana wanke jini, yana ƙara ƙarfin namiji, yana maganin ciwon suga da hawan jini, har da ciwon daji. Saboda haka ya dace a rarrabe abin da ke cikin ɗan itacen da abin da ake jingina masa.

Ta fuskar gina jiki goji ba abin rainawa ba ne. Alƙaluman Ma'aikatar Noma ta Amurka sun nuna cewa giram 100 na busasshen goji na ɗauke da kimanin kalori 349, da giram 14 na furotin, da giram 13 na harza mai taimakon hanji, da kusan miligiram 7 na sinadarin ƙarfe da ke gina jini, da miligiram 48 na bitamin C. Yana kuma da sinadaran da jiki ke juyawa zuwa bitamin A. Sai dai kusan rabin nauyinsa sukari ne, wato kimanin giram 46. Kuma ba a cin giram 100 a zama ɗaya. Abin da aka saba ci shi ne cikin tafin hannu, kimanin giram 28, wanda ke ba da furotin giram 4 kacal.

Iƙirarin da ya fi samun madogara shi ne na ido. Goji na da yawan sinadarin ziyazantin, wanda ke taruwa a tsakiyar tantanin gani da ke can ƙuryar ido, yana kare shi daga illar haske. A 2021 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun wallafa gwajin da suka yi da mutum 27 masu shekara 45 zuwa 65. Waɗanda suka ci giram 28 na goji sau biyar a mako har kwana 90, an ga wannan sinadari ya ƙaru a idanunsu. Mutanen kaɗan ne, kuma lafiyarsu ƙalau tun farko, don haka gwajin bai nuna cewa goji na warkar da yanar ido ko hawan jinin ido ba.

Sauran iƙirarin sun fi rauni. Yawancin binciken da ake kafa hujja da shi kan ciwon daji da garkuwar jiki an yi shi ne a ɗakin gwaji ko a kan ɓeraye, kuma abin da ya yi aiki a jikin ɓera ba lallai ya yi a jikin mutum ba. Masu talla kan kawo labarin Li Ching-Yuen, Basinen da ya rasu a 1933, wanda aka ce ya shekara 256 saboda cin goji. Wannan almara ce. A 2006 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta aika wa kamfanoni biyu masu sayar da ruwan goji takardar gargaɗi, saboda suna tallata shi a matsayin magani ba tare da hujja ba.

Akwai kuma haɗari. Likitoci sun ba da rahoton marasa lafiya masu shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, waɗanda jininsu ya tsinke fiye da kima bayan sun sha shayi ko ruwan goji. Mai ciwon suga ya kamata ya tuna da sukarin da ke cikinsa. Mai juna biyu da duk wanda aka ɗora kan magani na dindindin su tuntuɓi likita tukuna, kuma a duba lambar NAFDAC a jikin kowane ƙunshi. Babbar asara ita ce mai hawan jini ya ajiye maganin da aka rubuta masa a asibiti ya koma ga shayin da ya gani a waya, domin cutar na ci a ɓoye har ta kai ga shanyewar ɓarin jiki.

Abin da goji ke bayarwa na gina jiki akwai shi a dajin Sakkwato. Da hunturu magarya ke nuna, yara su kakkaɓo ta su cika aljihu, mata su shanya ta su kasa a gwangwani ranar kasuwa, wasu su daka busasshiyar su tankaɗe garin su cura. Tana da bitamin C, kuma 'yar'uwarta ta ƙasar Sin, jar magarya, ita ce Sinawa kan haɗa da goji a miya da shayi. Farin garin 'ya'yan kuka da ake damawa da nono ya ninka lemon zaƙi a bitamin C, ga sinadarin ƙarfafa ƙashi, kuma a 2008 Tarayyar Turai ta amince a sayar da shi a kasuwanninta, inda ake tallata shi kamar yadda ake tallata goji. Ga kurna da goruba da aduwa da tsamiya, ga kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli mai haɗa furotin da sinadarin ƙarfe. Ziyazantin na nan a gwaiduwar ƙwai da rawayar masara da ganyaye irin su alayyahu. Dundumi kuwa, wanda ƙarancin bitamin A ke jawowa, ana kauce masa da manja da karas da hanta da mangwaro da gwanda.

Ma'aunin da aka auna goji da shi, da shi za a auna waɗannan. Magarya da kuka da zogale abinci ne masu kyau, amma su ma ba sa warkar da ciwon suga ko ciwon daji. Amfaninsu yana fitowa ne idan ana cin su a kai a kai tare da gero da dawa da wake da nono. Wannan kuwa ya dogara ga wanzuwar itatuwan, a ƙasar da sara don itacen girki da gawayi ke rage su, hamada kuma na matsowa. Manomin da ya bar magarya ko kuka a gonarsa, ya kare sabon tsiro daga awaki, ya tanadar wa iyalinsa abincin da ba sai ya kashe kuɗi ba. Mai halin sayen goji ya ci shi a matsayin busasshen ɗan itace, maganin cuta kuma a nema a asibiti.